Zoben Rana a Littafin Issoufou

Ranar da Sundus ta fara ganin Issoufou, ko kallonta bai yi ba. Sama yake kallo.

Azumi saura mako biyu. Khala Tasallah, ƙanwar mahaifiyarta, ta ja ta zuwa wata tsohuwar gonar dabino a Ƙuba, gefen Madina, domin a ra'ayin Khala dabinon kasuwa na baƙi ne, masu saye da ido su biya suna murmushi. Direba ya ajiye su a bakin ƙofa. Suka tarar da kwandunan dabinon ajwa jere a inuwa, babu mai sayarwa. Can gefen rijiya wani dogon saurayi ne tsaye, ya ɗaga kai, fensir a hannu ɗaya, ƙaramin littafi a ɗayan.

Khala ta yi masa sallama sau biyu, ta ƙara da tambayar farashi da Larabci. Shiru. Haƙurinta ya ƙare, Hausar Kano da ta gada wajen uwarta ta fito.

"Kai! Dabinon naka a sama kake sayar da shi?"

Ya juyo da sauri. "Ki gafarce ni, Hajiya. Kalma ɗaya ta rage mini."

Ya duba agogonsa, ya rubuta kalmar, ya rufe littafin, sannan ya amsa sallamar da kyau.

"Ashe ɗan gida ne," in ji Khala. "Daga ina?"

"Damagaram."

"Shi ya sa. Ku mutanen Nijar ba ku da abin kallo a ƙasa sai rairayi."

"Akwai, Hajiya. Na saman ne ya fi yawan sauya riga."

Sundus ta yi dariya a bayan niƙabinta. A Madina aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Kakanta ne ya zo aikin Hajji a ƙafa, bai koma ba. Tana jin Hausa tsaf, har da zagi, amma idan za ta amsa Larabci ke fitowa. Da shi ta tambaye shi abin da yake rubutawa.

Ya nuna mata wani siririn gajimare can ƙololuwa, fari, kamar an ja auduga da tsinke.

"Sunan wancan. *Cirrus*."

"Da wane yare?"

"Latin."

"Su wa ke jin sa?"

"Ba kowa. Masu shi sun mutu tuntuni. Gajimare suka bar wa gadon."

Yana auna dabino yana ba su labari, ba tare da ya ɗago ido ba. Shekara shida ya yi a ofishin duba yanayi na filin jirgin garinsu. Duk bayan sa'a uku yakan fita ya dubi sama, ya rubuta abin da ya gani da sunan Latin, domin da shi ma'aikatan yanayi na duniya suke kiran gajimare. Tsohon da ya koya masa aikin ya ƙara masa da wasu kalmomin, na haske da na safiya da na almuru, don sha'awa kawai. Aka rage ma'aikata, sunansa na ciki. Ya zo Madina ya samu iƙama, takardar izinin zama, a ƙarƙashin mai wannan gona. Aikin ya sake shi, shi ne bai saki aikin ba.

"Wa ke karantawa?" in ji Sundus.

"Ba kowa."

"To yaren ya dace da littafin," in ji Khala. "Ƙara kilo biyu, ka ba ni lambarka. Idan dabinon sukari ya iso ka sanar da ni."

Khala ba ta karanta boko. Da saƙon ya zo bayan kwana uku, Sundus ta miƙa wa wayar.

*Hajiya, sukari ya iso. Ki gaya wa mai tambaya cewa na yau sunansa cumulus, mai kama da tulin auduga. Tana iya leƙawa gabas.*

Sundus ta karanta wa Khala rabin farko. Sannan ta je taga ta leƙa gabas.

Khala ta bi ta da kallo. "Saƙo mai layi uku, kika karanta mini ɗaya. Ni ban yi makaranta ba, amma ina ƙirga layi."

Ranar Idi Sundus ta amsa daga wayarta. Shi ne karo na farko da ta rubuta Hausa a rayuwarta, kuma ta goge sau huɗu kafin ta tura.

*Barka da Sallah. Mai tambaya tana so ta san sunan sama ita kanta.*

*Caelum. Barka da Sallah. Hausarki ta fi Larabcina lafiya.*

Daga nan ya zama kalma ɗaya kowace safiya, bayan sallar asuba, kafin motar makarantar 'yan mata da take koyarwa ta zo ɗaukarta.

*Lux, haske. Gajeriya ce, amma ita ce uwar sauran.*

*Crepusculum, hasken da ke saura bayan rana ta faɗi. Kalma mai tsawo, abu mai saurin wucewa.*

*Aurora, jan da ke fitowa a gabas kafin rana. Ban san fuskarki ba, don haka na ba ki wannan sunan ki riƙe.*

Ta daɗe tana kallon wannan na ƙarshen.

*Mai Gajimare, kana da kunya a gona, ba ka da ita a waya.*

*A gona akwai Hajiya Tasallah.*

Gidansu a Harra ta Yamma yake, inda baƙin dutse ke riƙe zafin rana har bayan magariba. Mahaifinta, Alhaji Balarabe, ya shekara talatin da biyar yana gyaran agogo a wani ɗan shago a Al-Azizya. Ya bar sana'ar da ra'ayi ɗaya: agogo sai ya lalace yake ƙarya, mutum kuwa yana lafiya ƙalau yake yin tasa. Tun rasuwar matarsa Ƙaltume ya rage magana, abin da ya saura kuma ya ƙara kaifi.

A zauren gidan akwai kalanda irin wadda ake yage takarda ɗaya kowace safiya. Ƙaltume ce mai yagewa. Kalandar ta tsaya a ranar Alhamis, bakwai ga Muharram, 1423, kuma babu wanda ya isa ya taɓa ta sai Sundus, ita ma don goge ƙura.

A ranar, da ya dawo daga Baƙi'a inda aka binne ta, Alhaji ya zauna a tsakiyar masu ta'aziyya ya ce, "Rana ta yi zobe." Ba wanda ya gani. Masu rakiyar gawa ƙasa suke kallo, kamar yadda ya kamata. Wani ɗan'uwa mai son wa'azi ya tuna masa cewa rana ba ta sauya kama don mutuwar kowa. Mata suka ce hawaye ne suka haɗu da haske. Wani ya ba da sunan likitan ido. Dangi sun iya ta'aziyya: cikin wuni ɗaya suka nuna masa ya rasa mata, kuma ya fara rasa hankali. Bai sake ta da maganar ba.

Bayan Hajji Issoufou ya turo wani dattijo ɗan garinsu ya nemi izinin neman aure. Alhaji ya ba dattijon shayi da dabino, ya raka shi har ƙofa, sannan ya kira 'yarsa.

"Ya binti, kin san mece ce iƙama?"

"Na sani, Baba."

"Ba ki sani ba. Takarda ce da aka rubuta mata ranar mutuwa tun ranar haihuwa. Kakanki ya taka hamada da ƙafa don kada jikokinsa su riƙe irinta. Ke kuma kina so ki auro mana ita."

"Mutum zan aura, Baba."

"Kowa haka yake cewa. Ga Ubaidullah nan. Ɗan ƙanina ne, ɗan ƙasa ne, yana da ofis da mota."

"Ubaidullah bai taɓa tambayata ko ina son wani abu ba."

"Wannan ba aibi ba ne, aure ne ya fara tun da wuri."

Ubaidullah ya daɗe yana ɗaukar Sundus kamar kayan da aka ajiye masa a gidan baffansa, sai ranar da ya ga dama ya zo ya ɗauka. Bai taɓa gaggawa ba, sai da ya ji wani ya tambayi kayan.

Khala Tasallah ta zo ta yi kwana biyu tana magana. A na uku Alhaji ya ce zai sa a bincika yaron, kamar yadda ake yi. Wanda ya tura shi ne Ubaidullah. A wajensa wannan adalci ne: idan akwai aibi, babu wanda zai fi Ubaidullah ƙwazon nemo shi.

Issoufou kuwa ya yi kuskuren mutanen kirki. Ya ga baƙo daga gidan surukai, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ba shi dabino mafi kyau. Da baƙon ya tambaye shi karatunsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko littattafansa uku, duk abin da ya rubuta tun zuwansa Madina, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ka kai wa Alhaji ya gani. Don ya san ba hawan dabino kaɗai na iya ba."

Ranar Talata da azahar Ubaidullah ya zube littattafan a gaban baffansa. Sundus na tsaye da farantin shinkafa.

"Ya ammi, na tambaya. Latin ne. Ka san inda ake amfani da shi? Coci. Da shi fada-fada, limamansu, suke addu'a. Shafi bayan shafi, kowane layi da sa'arsa, kamar wuridi." Ya buɗe littafi na biyu inda ya naɗe kusurwa. "Ga kuma wannan."

A gefen wani layi an zana da'ira, a cikinta layi biyu sun gitta juna.

"Gicciye ne," in ji Ubaidullah. "Ko dai Kirista ne ya shigo haramin Madina da sunan Musulmi, ko kuwa boka ne mai duban sama. Ka zaɓa. Duka biyun ƙarshensu tarhil, a sa shi a jirgi. Ranar Asabar zan kai wa hukuma."

Sundus ta ajiye farantin. Ta san abin da za ta faɗa zai tona ta, ta faɗa.

"Ba addu'a ba ce, Baba." Ta durƙusa ta ɗora yatsa a shafin. "*Cumulus*, gajimare mai tuli. *Stratus*, mai shimfiɗa. *Caelum serenum*, sama garau. Wannan *aurora*, jan asuba."

Alhaji ya dube ta ta saman tabarau. "Wa ya koya miki?"

Ta ciro wayarta ta ajiye a gabansa. Ya karanta saƙo uku, ya tsaya, kamar wanda ya buɗe wasiƙar da ba tasa ba.

"Ɗayyib. Wannan fa?" Ya nuna da'irar.

Ta duba. Wata biyar tana karɓar kalma kowace safiya, ba a taɓa aiko mata da wannan ba.

"Ban sani ba."

"Ka gani?" in ji Ubaidullah. "Na gajimaren ya koya mata. Na cocin ya ɓoye."

Alhaji ya tattara littattafan. "Za su kwana a wajena. Ka gaya masa ya zo Juma'a bayan la'asar. Idan bai gamsar da ni ba, Asabar taka ce." Ya ɗauki wayar ya sa a aljihun tebur ya kulle. "Idan na tambaye shi, ba na son in ji amsar da kuka shirya."

Kwana uku wayar na gurnani a cikin aljihun kowace asuba. Sundus na jinta daga ɗaki. Ta so ta ce ba ta yi shakka ba, amma ta yi. Ba ta san fuskar uwarsa ba, ba ta san masallacin unguwarsu ba. Abin da ta sani kalmomi ne na mutanen da suka mutu. Ranar Laraba ta ƙi leƙa taga. Ranar Alhamis ta leƙa, ta ga siririn fari can sama, bakinta ya ce *cirrus* kafin ta hana shi.

"Idan gaskiya ne fa, Khala?"

"Idan gaskiya ne, kin yi kuka wata uku kin warke. Idan ƙarya ne kika yi shiru, wannan ba ya warkewa. Ni dai na ga goshinsa. Ba a samun wannan tabon a coci."

Juma'a bayan la'asar Issoufou ya zo da farar riga wadda guga ta kusa cinyewa. Aka shigar da shi majalisi, ɗakin baƙi. Ubaidullah na zaune kusa da baffansa. Sundus da Khala suka tsaya a zaure, bayan ƙofar da aka bari ba a rufe sosai ba.

Alhaji bai ɓata lokaci ba.

"An ce yaren coci kake rubutawa."

"Ana yi da shi a coci, Alhaji, gaskiya ne. Likitan da ke duba ka ma da shi ya haddace sunan ƙasusuwanka. Ni na sama na samu."

"Kana faɗin ranar da za a yi ruwa?"

"Ban taɓa rubuta gobe ba. Gobe ta Allah ce. Ka duba, kowane layi da sa'ar da na gan shi. Abin da ya riga ya faru nake rubutawa."

"Da wane agogo?"

Issoufou ya kwance na hannunsa ya miƙa. Alhaji ya kara a kunne, ya gwada da nasa.

"Yana baya da minti biyu."

"Tun Damagaram yake haka. Ina ƙara su a kai kafin in rubuta."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Alhaji, bai kai murmushi ba. Ya buɗe littafi na biyu, ya tura masa.

"Wannan."

Issoufou ya duba. Ya ɗago ya dubi Ubaidullah, sai a lokacin ya gane abin da ake tuhumarsa da shi. Muryarsa ta yi ƙasa.

"La ilaha illallah. Alhaji, ba gicciye ba ne. Alama ce ta aikinmu. Ruwa yana da tasa, ƙura tana da tata, tsawa ma haka. Wannan ana sa ta ne idan rana ta yi zobe."

A zaure Khala ta damƙi hannun Sundus.

"Idan me?" in ji Alhaji.

"Idan haske ya kewaye rana, kamar zobe. Tsohon da ya koya mini yana ce masa *corona*. Sau ɗaya na gan shi cikakke tun da na zo garin nan."

"Ya ammi, kowa zai iya ƙirƙiro…"

"Yi shiru, Ubaidullah. Karanta layin."

"Ashirin da ɗaya ga Maris, 2002. Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana. *Cirrostratus*, wato farin mayafi siriri ya rufe sama. Zobe cikakke."

Alhaji da watan Musulunci yake lissafin rayuwarsa. Maris ba ta ce masa komai ba. Amma Sundus ta shekara biyu tana goge ƙura a kan takarda ɗaya. Ta san babban bakwai ɗin da ke tsakiya, ta san lokutan salla da ke gefe, ta san ƙananan baƙaƙen da ke can ƙasa waɗanda ba mai karantawa.

Ta juya ta ɗaga kalandar daga ƙusarta. Ƙusar ta bar da'irar tsatsa a bango. Ta ƙwanƙwasa ƙofar, ta miƙa hannu ciki.

"Wa ya ce ki taɓa…"

"Ka duba ƙasa, Baba."

Alhaji ya karɓa. Ya laluba aljihu ya ciro madubin ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya manna a ido, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye, fiye da yadda karanta kwanan wata ke bukata.

Da ya ɗago bai dubi kowa ba. Ya sa tafin hannu ya rufe shafin littafin.

"Daga ciki wane launi ne?"

"Ja-ja, Alhaji. Daga waje fari. Tsakaninsa da rana sama ta fi duhu."

"Ya daɗe?"

"Wajen minti arba'in. Yana rubuce a ƙarƙashin hannunka."

Alhaji ya ɗaga hannun, ya duba, ya mayar.

"A ranar na binne uwar yarinyar nan."

Issoufou ya sunkuyar da kai. "Allah ya ji ƙanta. Ban sani ba. Amma Alhaji, kada in bar ka da abin da ba haka ba. Ƙanƙara ce ƙanana a can sama, haske ke karyewa a cikinta. Ba don wani ake yi ba."

"Na sani. An gaya mini tun ranar, ba a bar ni na manta ba. Ban ce don ita aka yi ba. Cewa na yi na gani." Ya cire madubin daga ido. "Kai ka gani?"

"Na gani."

"Mutum ɗari biyu a maƙabarta. Sai mai hawan dabino a Ƙuba."

Ya ciro hankici ya goge madubin, ko da yake ba madubin ne ya jiƙe ba.

Ubaidullah ya gyara zama. "Duk da haka, ya ammi, maganar iƙama tana nan."

"Tana nan. Takarda ce. Ni na faɗa, na kuma ji kaina." Ya miƙa wa Issoufou littattafansa biyu, ya riƙe na tsakiyan. "Wannan zan ara. Agogon ma ka bar shi, ba a aure da minti biyu a baya. Ka gaya wa dattijonku ya dawo. Ubaidullah, ka gaida mini babanka. Ranar Asabar ka tafi ofishinka."

A zaure Khala ta buɗe baki za ta yi guɗa, Sundus ta toshe mata shi da hannu, tana kuka tana dariya.

Kafin magariba Alhaji ya buɗe aljihun tebur ya ba ta wayar. Saƙo uku ne.

*Nubes, gajimare kowane iri. Jiya ɗan'uwanki ya zo. Ina fata na yi abin kirki.*

*Aurora, shiru? Yau babu kalma. Na fita na duba, ban iya rubutawa ba.*

*Idan an hana, ki gaya mini da bakinki, zan haƙura. Amma sunan naki ne, ba na karɓa.*

Ta zauna a bakin gado ta rubuta:

*Na yi shakkarka kwana ɗaya da rabi. Gara ka ji daga gare ni.*

Amsa ta zo nan take.

*Na rubuta. Kwana ɗaya da rabi, hadari. Ya wuce bai zubar ba.*

Mako na gaba aka ba shi izinin ganinta, Khala na zaune a tsakani da carbi, tana yi kamar ba ta ji. Sundus ta ɗage niƙabi. Issoufou ya duba sau ɗaya, ya mayar da ido kan tabarma.

"Yau ƙasa kake kallo," ta ce, da Hausa, a hankali.

"Na saba kallon abin da ke nesa. Wannan ya yi kusa."

"Sunan ya dace, ko za ka sauya?"

"Ya yi kaɗan. Amma masu yaren sun mutu, ba wanda zan kai wa ƙara."

"Ba ni da haƙuri, Mai Gajimare. Kuma ban iya tuwo ba."

"Ni na iya. Shekara uku ina tuƙa wa kaina."

"Ka ji," in ji Khala ga carbinta. "Mai ofis da mota ko shayi bai iya ba."

'Yar ƙasa ba ta auren baƙo sai da izinin hukuma, izinin kuwa ba ya sauri don wani yana soyayya. Wata goma sha huɗu takardar ta yi tana yawo daga tebur zuwa tebur. Alhaji da kansa yake bin ta, da sandarsa da fayil a hammata. Dangi suka yi ta zuwa ba shi shawara, yana ba su shayi. Ubaidullah ya auri wata 'yar Al-Azizya kafin shekara ta zagayo, abin da ya nuna ciwon bai kai zuciya ba.

Aka ɗaura aure wata Alhamis bayan la'asar, a masallacin unguwa, cikin zafin farkon bazarar 2005. Mutanen Damagaram suka zo da fararen rawuna, dangin amarya da jan shimagi a ka irin na Larabawa, aka yi ta gaisawa da yare biyu a jimla ɗaya. Khala Tasallah ta yi guɗar da aka hana ta, da ribar wata goma sha huɗu.

Kafin a tafi da amarya Alhaji ya kira su biyun zaure. A kan tsohuwar ƙusar sabuwar kalanda ce, ranar ta dace da ranar. Ya ɗaura wa Issoufou agogonsa a hannu.

"Yanzu ba sai ka ƙara komai ba."

Sannan ya miƙa masa littafin da ya ara. A tsakiya, a shafin da'irar, takardar bakwai ga Muharram ce kwance, an yage ta a hankali.

"A nan ya kamata ta zauna," ya ce. "Ku riƙe. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Idan ɗayanku ya ce ya ga wani abu, ɗayan ya ɗaga kai ya duba kafin ya amsa."

Suka ce amin. Sundus ta rungume shi, ya bar ta ta daɗe.

A ƙofar gida mota na jira, mata na kira. Issoufou ya duba agogo, ƙarfe shida daidai. Ya ɗaga kai. Babu ko ɗigon gajimare daga Uhudu har Ƙuba. Ya ciro sabon littafi daga aljihun rigar ango, ya miƙa mata fensirin.

"Ke za ki rubuta, Aurora."

Ta rubuta *caelum serenum*. A ƙasa ta ƙara da Hausa, tana karantawa a bayyane: *Mu biyu muka gani.*

Daga bakin ƙofa Alhaji Balarabe ya kare ido da hannu, shi ma ya duba.

"Uku," ya ce. "Gyara."